Kargo a Tsohuwar Tashar Jirgi

Sana'ata kargo ce. Ina da ƙaramin ofis a Deira, da rabin sito a Ras Al Khor wanda nake haya tare da wani ɗan Gana, mutumin Zangon Kumasi. 'Yan kasuwa daga Kano da Maraɗi da Damagaram suna zuwa Dubai su yi sayayya, su kawo mini. Ni kuma in auna, in ɗaure, in rubuta sunan mai shi a jiki, in loda a kwantena. Da wannan na ci, da shi na ciyar da iyalina tun gashina yana baƙi.

A nan ko da Hausa muke magana, ba ma ce wa abin da zai hau jirgi kaya. Kaya yana hannun mai shi ne. Da zarar ya hau sikeli ya zama kargo. Balarabe ya san kalmar, Ba'indiye ya san ta, direban babbar mota ɗan Pakistan ya san ta. Idan na shiga wurin da ban san kowa ba na ji an ambace ta, sai in ji kamar an kira sunana. Nan da nan nakan sa hannu a aljihu in zaro katina. Haka kowa yake yi a garin nan.

Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na yi firamare da Faransanci a Maraɗi, sai kasuwa. Larabcina na titi ne, Turancina na sito. Yana isata in yi ciniki, in yi faɗa da direba, in karɓi kwantena. A da na ɗauka wannan ya isa a ce mutum yana jin Turanci.

'Yarmu ta fari ce ta kai mu Amurka. Ta tafi karatun jinya, ta gama, ta samu aiki a Charleston, wani gari a bakin teku. A can ta haɗu da wani baƙar fata ɗan ƙasar, wanda ya musulunta tun kafin ya san ta. Na sa an bincika, aka ba ni shaida mai kyau, aka ɗaura aure a masallacin unguwarmu a Hor Al Anz, wakilinsa ya karɓa. Ba mu samu biza a lokacin ba. Sai bayan ta samu ciki aka ba mu, ni da Hajiya mahaifiyarta, kuma gajera ce, ta shiga sau ɗaya. Tun kafin mu tashi mun san za mu dawo Dubai ba ta haihu ba.

Wannan ne ya dami Hajiya, ko da yake ba ta faɗa ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba ta kira, balle ta zauna ta ce tana jin tsoro a kanta. A wurinmu haihuwar fari gida ake zuwa, uwa ta dafa ruwan wanka, ta dama kunu, ta kwana kusa. Ga yarinya a ƙasar da ba ta da inna ba ta da goggo. Mace ɗaya ce tak za ta iya zama da ita, wato mahaifiyar mijinta. Ita kuwa dattijuwar ba ta taɓa taka gidansu ba. Mai riƙo da coci ce sosai, kuma a wurinta barin addinin da ɗanta ya yi da auren nan duk abu ɗaya ne. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta dai tsaya daga nesa.

Saboda haka 'yata ta shirya mana fita ta yini guda.

Ta ce, "Baba, ta yarda za ta zo. Za mu zaga wuraren tarihi na garin, mu ci abinci tare. Idan kun ɗan saba sai ka yi mata maganar. Daga bakinka za ta fi jin nauyi."

Na ce to, amma a faɗa mini tsarin, domin ni ba na fita ba tsari. Ta ce da farko tsohuwar kasuwa, sannan unguwar tsofaffin gidaje, sannan wurin da aka ajiye igwogin yaƙi a bakin teku, sai abinci, sai gida. Na maimaita na riƙe. Na sa a raina bayan abinci zan yi magana.

Mun sami dattijuwar tana jiranmu a ƙofar kasuwar. Doguwa ce siririya, da hula mai faɗin baki, da sanda a hannu, amma ba ta jingina da sandar. Ta miƙo mini hannu. Ni ba na gaisawa da mace da hannu, sai na dafe ƙirji na sunkuyar da kai. 'Yata ta ce an riga an yi mata bayani. Duk da haka hannun ya ɗan jima a miƙe kafin Hajiya ta yi sauri ta kama shi da hannu biyu. Haka muka fara.

A cikin kasuwar akwai mata baƙaƙe a zaune suna saƙa da wata ciyawa mai ƙamshi. Hajiya ta ja ta tsaya.

"Alhaji, duba mini. Faifai!"

Faifai ne kuwa, ɗinkinsa irin na gida, an fara daga tsakiya ana zagayawa. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta nuna wa mai saƙar da yatsa yadda mahaifiyarta take kama bakin zaren kaba. Matar ta yi dariya ta gyaɗa kai. Sai Hajiya ta sa aka tambayi kuɗinsa. Da aka faɗa mata, ta mayar da shi a hankali kamar ƙwai.

Ta ce, "Da wannan a Maraɗi ai sai in rufe duk tukwanen unguwa."

Dattijuwar ta tambayi abin da aka ce. Da aka fassara mata, gefen bakinta ya ɗan motsa. Iyakar murmushin da na gani a fuskarta da safen ke nan.

Daga nan muka shiga unguwar tsofaffin gidaje. Manya ne, da dogayen baranda hawa-hawa, da ƙofofin ƙarfe masu ado, da itatuwa da wata ciyawa mai kama da furfura ke reto a rassansu. Keken doki yana wucewa da Turawa masu ɗaukar hoto. Surukina yana yi mini bayani a hankali, ina gyaɗa kai. Na tsaya gaban wani gida na ce masha Allah, an yi aiki a nan. Dattijuwar ta faɗi wata gajerar magana ba tare da ta dubi kowa ba.

'Yata ta ce, "Ta ce ta san waɗanda suka gina su. Ba su suka kwana a ciki ba."

Na ɗauka maganar leburori take yi, irin waɗanda nake gani da asuba a cikin farar bas ana kai su gina dogayen benaye. Na ce ai haka abin yake ko'ina. Ban ƙara tunani a kai ba.

Azahar ta same mu a wurin igwogin. Muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa, na ja salla, surukina a damata, matan a baya. Da na yi sallama na waiga, sai na ga dattijuwar tsaye kusa da wata igwa ta ba mu baya, tana kallon teku. Ɗanta ya je ya tsaya kusa da ita.

A wurin abinci ita ta zaɓa mana. Ta ce akwai jar shinkafa da garin yake alfahari da ita, irin wadda mahaifiyarta take dafawa. Aka kawo, kamanninta sak dafa-duka, har Hajiya ta gyara zama. Sai surukina ya tambayi mai kawo abincin, aka ce da naman alade a ciki. Aka mayar da namu, aka kawo mana kifi. Dattijuwar ta ci shinkafarta ita kaɗai, a hankali, ba ta bar ko ƙwaya ba. Lokacin da na tsara yin magana ke nan. Hajiya ta taka ni ta ƙarƙashin tebur. Na dubi fuskar matar na ga ba yanzu ba.

Da muka tashi sai dattijuwar ta ce akwai wuri ɗaya da take so mu gani. Wannan ba ya cikin tsari, kuma raina bai so ba, amma na bi. A mota 'yata ta juyo.

"Baba, tsohuwar tashar jirgin ruwa ce. Idan mun isa ka jira ni, akwai bayanin da zan yi muku tukuna."

Da na ji tashar jirgi sai na ji sanyi. Tun safe ana nuna mini abin da ban sani ba, yanzu an zo inda na sani.

Muna sauka 'yata ta ce cikinta ya juya, Hajiya ta kama ta suka nufi banɗaki. Ni kuwa na ga surukina da mahaifiyarsa sun yi gaba, na bi su. Fili ne shimfiɗaɗɗe a bakin ruwa, a ƙarƙashin wani dogon gini. A gefe akwai wani faffaɗan wuri da aka zuba wa ruwa kaɗan, bai kai idon sawu ba, yana ƙyalli a rana. Jama'a sun kewaye wani tsoho baƙi mai farin gemu, shi ne mai bayani. Na kutsa gaba don in ji sosai. Can nesa a bayansa ina hangen manyan ƙugiyoyin ɗaga kwantena na sabuwar tasha, ga kuma wani jirgi yana shigowa da lodi har sama.

Tsohon yana magana da sauri, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana nuna ruwa da hannu. Yawancin maganar ta wuce ni. Amma na ji ya ce Afirka. Na ji ya ce jirgi. Na ji ya ce inshora. Sannan ya tsaya, ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya ce kargo. Ya sake maimaitawa.

Waɗannan kalmomi su ne abincina. Kuma tun safe ina neman abin da zan faɗa wanda dattijuwar za ta gane cewa uban yarinyar nan ba mutumin banza ba ne, yana da sana'a. Sai na yi murmushi na ɗaga hannu. Da Turancina na sito, da muryar da nake kiran direba da ita, na ce ni ma aikina ke nan. Na ce kargo, Afirka, shekara da shekaru. Na ce ina lodawa da kyau, ba na barin sarari, kuma farashina mai sauƙi ne. Na zaro kati na miƙa masa da hannu biyu.

Bai karɓa ba. Ya dubi katin, ya dube ni. Wata budurwa a gefena ta faɗi wata kalma da ƙarfi, uwarta ta riƙe ta. Ni har lokacin murmushin yana fuskata, ina tsammani ko ban faɗa daidai ba ne, har na buɗe baki zan sake. Sai surukina ya sa hannu a hankali ya zare katin daga hannuna ya sa a aljihunsa. Ya ce da Larabci, "Khalas, Baba." Wato ya isa haka.

Dattijuwar ta dube ni tsawon lokaci. Sannan ta juya, ta taka zuwa wani benci mai fuskantar ruwa, ta zauna, ta ajiye jakarta a gefenta inda mutum zai iya zama.

A haka 'yata ta iso da Hajiya. Mijinta ya yi mata magana a kunne. Na ga ta dafe ciki.

"Baba, me ka ce?"

Na faɗa mata abin da na ce.

"Baba, kargon da yake faɗa mutane ne. A nan ake sauke su. Cewa yake a takardun jirgi ba a kiran su mutane. Kakannin surukata ta nan suka shigo."

Na san an yi cinikin bayi. An koya mana a firamare, har da hoton jirgi. Amma abu ne na cikin littafi, ban taɓa haɗa shi da wani wuri da ƙafata za ta taka ba, balle da kalmar da ke rubuce a ƙofar ofishina.

Ina tsaye sai na lura ruwan nan na faffaɗan wurin yana janyewa. Ashe haka aka gina shi, ya cika ya janye kamar teku. Da ya janye sai ga siffofin mutane an sassaƙa a ƙasan, a kwance, jere, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Ba sai an yi mini bayani ba. Na ga yadda aka sa dogaye a tsakiya inda cikin jirgi ya fi faɗi, aka cike gefe da ƙanana. Wanda ya tsara wannan ya san lodi. Abin da nake faɗa wa ma'aikata ke nan kullum a sito, cewa kada su loda mini iska.

Hajiya ta zo kusa da ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Alhaji, an ce ka jira. Kai da kullum kake cewa kowa ya bi tsari."

Na ce na ji.

"Ka ji, amma yarinyar nan ce za ta kwana da shi."

Surukina ya je wurin mahaifiyarsa ya sunkuya yana magana. Ta ɗaga hannu ba tare da ta dube shi ba, ya dawo. 'Yata ta ce bari ta je da kanta ta ce mahaifinta bai ji Turanci ba ne. Na ce ta tsaya. Matar ta san ban ji ba, ba wannan ce matsalar ba.

Na tsaya na jera abin a raina. Mun zo neman alfarma wurin mace. Matar nan ta ɗauko mu ta kawo mu inda aka yi mata rashi. A wurinmu idan ka shiga gidan da aka yi rasuwa, ba ka fara da buƙatarka, ba ka fara da labarin sana'arka, ko haƙuri a kan laifinka ba ka fara bayarwa. Gaisuwa ake fara yi. Mu tun safe muna tare da ita ba mu yi ba.

Na ce wa Hajiya, "Zo mu yi mata ta'aziyya."

Ta dube ni, ta dubi siffofin nan, ta gyara mayafinta ta biyo ni.

Na cire takalma daga nesa kaɗan. Na zo gaban bencin, ba daidai fuskarta ba, ta gefe, na tsuguna. Hajiya ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa kamar yadda mata suke yi a gidan makoki. 'Yata ta rasa yadda za ta yi, ita ma ta zauna a kan simintin. Mutane suna kallo.

Na ce wa 'yata, "Ki faɗa yadda na faɗa. Kada ki gyara."

Sannan na ce, "Mun zo gaisuwa. Ya haƙuri?"

"Baba, Turanci ba shi da wannan."

"Ki nemo."

Ta yi magana mai ɗan tsawo, ina jin tana saka kalmar tamu a ciki. Dattijuwar ba ta juyo ba. Ta tambaya wa ya mutu. Na nuna wurin da hannu. Ta ce wannan ai ya daɗe, ko kakar kakarta ba ta gan su ba.

Na ce a wurinmu gaisuwar mutuwa ba ta wucewa. Idan mutum yana tafiya aka yi rashi, ko bayan shekaru nawa ya dawo, sai ya je ya tsuguna ya yi. Na ce daga inda aka kwaso su babu wanda ya biyo sawu ya gaishe ku, mun makara, amma ga mu.

Ta juyo a lokacin. Idonta a bushe yake.

'Yata ta fassara tana kallon ƙasa. "Ta ce in gaya maka haƙuri shi ne abin da aka fi ba su a ƙasar nan. Ta ce sun ƙoshi."

A gida ana amsawa da godiya ne, ko zuciya ta yarda ko ba ta yarda ba. Ban taɓa jin an amsa haka ba. Hajiya ta ce a hankali, "Gaskiyarta."

A nan ya kamata addu'a ta biyo. Na yi jim, domin ban san addinin waɗanda nake wa gaisuwar ba, kuma ni ba na wasa da wannan. Abin da na iya faɗa shi ne Allah ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya san sunan da uwar kowa ta raɗa masa. Hajiya da surukina suka ce amin. Dattijuwar ta ce amin irin tasu.

Sai ta yi tambaya. 'Yata ba ta fassara ba sai da na dube ta.

"Ta ce mutanenka a wane gefe suke. Masu sayarwa, ko waɗanda aka sayar."

Na ce ban sani ba. Na ce a garinmu akwai gidajen da aka san sun riƙe bayi, akwai kuma waɗanda har yau idan za a nemi aurensu ana raɗa a kan asalinsu. Kakata ta wajen uwa ba a taɓa faɗa mana garinsu ba. Kakana na wajen uba kuwa bafatake ne, kuma ban taɓa tambayar abin da ayarinsu yake ɗauka ba. Na ce iyakar abin da na sani ke nan.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙa wa ɗanta hannu ta ce ya ba ta katin. Ta sa tabarau ta karanta gaba da baya.

"Ta ce me kake lodawa."

"Tayoyi. Firji. Atamfa. Injin markaɗe. Kayan gyaran mota."

"Ta ce akwai mai numfashi?"

"Babu."

Dattijuwar ta buɗe jaka ta jefa katin a ciki.

Yanzu ne na ba da haƙuri a kan abin da na faɗa, a taƙaice, domin ta riga ta san yadda aka yi. Sannan na zo kan abin da ya kawo mu. Na ce yarinyar nan haihuwarta ta fari ce. A al'adarmu gida za ta zo wurin uwarta, amma ba mu da iko, takarda ta hana. Na ce uwarta ga ta nan zaune, ba za ta iya roƙo da bakinta ba saboda kunyar 'yar fari, amma ba ta barci. Na ce ba mu da kowa a ƙasar nan sai ita, kuma amana muke so mu bar mata.

'Yata ta fara fassarawa, muryarta ta karye a tsakiya. Mijinta bai iya Hausa ba balle ya taimaka. Ta dai ƙarasa.

Dattijuwar ta dubi 'yata, ba ni ba. Ta ɗauke jakarta daga kan bencin ta ɗora a cinya, ta buga wurin da tafin hannu, ta yi magana da faɗa-faɗa.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce wane irin mutane ne za su bar mai ciki a kan siminti. Ta ce kuma ta ga ban ci kifin ba."

'Yata ta tashi ta zauna kusa da ita. Dattijuwar ta ci gaba da magana, tana kallon ruwan da ya fara dawowa yana rufe siffofin. Ta ce ba ta kawo mu nan don a roƙe ta ba. Ta kawo mu ne mu ga inda abin da ke cikin nan ya fito ta ɗaya gefen, don kada wata rana a gaya masa tarihinsa rabi. Sannan ta nuna ni da sanda ta ce za ta zo, amma ba don wannan ba. Ta dafa cikin 'yata ta ce don wannan.

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na yunƙura zan tashi, gwiwa ta ƙi. Na daɗe a tsugune, kuma shekaru sun ja. Surukina ya matso, amma mahaifiyarsa ta riga shi. Ba ta miƙo hannu ba. Bakin sandarta ta miƙo mini. Na kama, ta riƙe gam, na miƙe.

Mun dawo Dubai kamar yadda takarda ta ce. Na koma sito. Allon ƙofar ofishina yana nan da kalmar a jiki, ban sauya ba, domin da ita aka san ni. Abokin hayata ɗan Gana ya tambaye ni yaya Amurka, na ce akwai tarihi. Hajiya kuwa ta shiga kiran waya, tana koya wa dattijuwar yadda ake dama kunun kanwa da yadda ake wankan jego, 'yata tana fassara. A kan zafin ruwan sun yi ta ja. Dattijuwar ta ce ita ba za ta dafa surukarta kamar kaza ba, aka daidaita a kan ruwa mai ɗumi.

Wata Juma'a bayan la'asar ina zaune a falo, Hajiya tana kicin, wayarta ta yi ƙara. Ta fito da ludayi a hannu ta ɗauka. Fuskar dattijuwar ce ta cika wayar, ba hula, a bayanta farin bangon asibiti. Ta gyara murya, ta buɗe baki a hankali kamar mai karatu, ta ce da Hausa:

"Ya haƙuri?"

Ludayin ya faɗi. Hajiya ta ce innalillahi, ta zube a kan kujera, a karo na farko a rayuwata na ji ta kira sunan yarinyar da ƙarfi. Ni na karɓi wayar, ban san yadda na riƙe ta ba.

Sai hoton ya juya. Ga 'yata a kwance, a gajiye, tana murmushi, ga wani abu ja a naɗe a ƙirjinta yana tsala kuka. Mace ce.

Da 'yata ta ga fuskokinmu ta tambayi abin da ya faru. Na faɗa mata. Ta rufe ido.

"Wayyo Baba. Ta ɗauka ba ta mutuwa kaɗai ba ce, gaisuwar girmamawa ce, wadda ake yi wa manya a babbar rana. Tun da kuka tafi take maimaita ta, ta hana ni in ji. Bari in gaya mata."

Na ce, "Kada ki gyara mata yau. Mayar mata da wayar."

Fuskar dattijuwar ta dawo, tana jira ta ji ko ta faɗa daidai. Hajiya tana gefena tana kuka tana dariya tana share fuska da bakin zane.

Na dafe ƙirji na ce, "Da godiya."